Na samu aiki a Riyad, ya maganar asibiti take ga baƙo mai iyali?

"Assalamu alaikum likita. Ni injiniya ne daga Zariya, wani kamfanin gine-gine a Riyad ya ɗauke ni aiki, har sun turo min kwantiragi in sa hannu. A ciki sun rubuta za su ba ni inshorar lafiya ni da iyalina, ba wani ƙarin bayani. Maiɗakina tana da ciki wata uku, haihuwarta ta baya aiki aka yi mata. Yaranmu biyu, babban shekararsa 6 kuma yana da sikila. Sannan ina so in na zauna in ɗauko mahaifiyata, tana fama da hawan jini da suga. Da na je Hajji na ga asibitinsu kyauta ne kuma mai kyau. Haka yake ga mai zama? Nawa zan ware wa asibiti, kuma aikinsu ya kai yadda ake zuzuta shi?"

Wa alaikumus salam Injiniya, Allah ya sanya alheri, Allah ya sauki madam lafiya ya ba yaro da Hajiya sauƙi. In na fahimce ka abinda kake son sani shi ne wa zai biya in ɗayanku ya kwanta, nawa zai fita daga aljihunka, sannan in an biya ɗin me za a samu. Na yi shekara 8 ina aiki a wani asibitin kuɗi a Jidda bayan na bar Kano, kullum ina zaune tsakanin mara lafiya da kamfanin inshora, dan haka bari in gaya maka yadda abin yake tun kafin ka sa hannu, don wannan layi ɗaya da ka ce ba ƙarin bayani a kansa, wallahi shi ne layin da ya fi kowanne muhimmanci ga mai iyali irin naka, ya fi maganar kuɗin gida da tikitin hutu da kowa ke zuba wa ido.

Asibitin da ka gani a Hajji ba naka bane

Alhaji baƙon Allah ne, haka gwamnatin Saudiyya take ɗaukarsa, shi ya sa a Mina da Arfa da Makka da Madina ake duba shi kyauta, har wankin ƙoda da tiyatar zuciya ana yi wa alhazai ba a karɓi ko sisi ba. Mutanenmu da yawa da wannan hoton suke dawowa gida. Amma ranar da aka buga maka igama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin kamfani mai zaman kansa ka tashi daga baƙon Allah ka koma ma'aikaci, kuma ma'aikacin kamfani asibitin kuɗi aka tsara masa. Dokar inshorar lafiya ta fito a 1999, aka riƙa aiwatar da ita sannu a hankali har ta game kowa, ta ɗora wa mai kamfani ya saya wa ma'aikacinsa inshora shi da matarsa da 'ya'yansa, maza har su kai shekara 25, mata har su yi aure, kuma shi zai biya kuɗin gaba ɗaya ba a cire maka daga albashi ba. Ba a fitar da igama ko sabunta ta sai da inshorar, kwamfutocinsu a haɗe suke. Akwai majalisa ta musamman da ke kula da wannan, Daman ake ce mata a taƙaice, ita ke tsara mafi ƙarancin abinda dole kowace inshora ta ɗauka, ƙarar kamfanin inshora kuwa tun 2024 Hukumar Inshora ta ƙasar ake kai wa.

Kaga kenan da kamfaninka ya rubuta zai ba ka inshora, ba wata alfarma ya yi maka ba, abinda doka ta tilasta masa ne ya rubuta. Asibitin gwamnati kuwa in gaggawa ce, hatsari ko ciwon zuciya, motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar da ake kira a 997 za ta iya kai ka can kuma za su karɓe ka, daga baya su tura wa inshorarka lissafi. Amma ka tashi da safe ka je ka yanki kati kamar ɗan ƙasa, babu wannan. Irin su asibitin Sarki Faisal na Riyad da ake ta labari, wanda aka buɗe a 1975, ba wurin da mutum zai shiga da ƙafarsa bane, sai an tura shi. Waɗanda gwamnati ta ɗauka aiki kai tsaye, kamar likitocinmu da ke ma'aikatar lafiya, da kuma 'yan aikin gida, nasu tsarin daban ne, kai ba ka cikinsu.

Wane aji aka saya maka

A nan gizo yake saƙar. Kamfanonin inshora irin su Bupa Arabia da Tawuniya da MedGulf suna sayar da kayansu aji aji, akwai VIP, akwai A, B, har C, wani ma sai ka ga an ƙara masa wasu haruffa a gaba. Kowane aji da jerin asibitocin da ya yarda ka je, shi ake kira shabaka. Mai VIP ko A zai shiga manyan irin su Dr. Sulaiman Al Habib ko Saudi German ko Fakeeh na Jidda, ɗaki shi kaɗai. Mai C kuwa yawanci ƙananan asibitocin unguwa ne, mustausaf, da 'yan tsirarun asibitocin kwanciya. Iya kuɗinka iya shagalinka, sai dai a nan kuɗin ubangidanka ne ke yanke hukunci.

Ba na manta wani dare ina kan aiki, na fito ina amsa waya da Hausa sai wani bawan Allah ya riƙo hannun rigata. Yana saɓe da yarinya 'yar shekara uku jikinta kamar wuta, matarsa na bayansa da jakar kaya. Mai karɓar mutane ya buga lambar igamarsa a kwamfuta, ya ɗago kai ya ce masa kharij shabaka, wato baya cikin jerin, shi kuma bai san me ake nufi ba, katin kawai yake ta miƙawa yana cewa ai ina da ta'amin, ga shi nan, kamfani ne ya ba ni. Yana da shi ɗin kuwa, amma na C ne, asibitinmu ba ya cikin jerinsa. Na duba yarinyar a tsaye na ga ba abin ɗawari bane da doka za ta tilasta a karɓe ta, maƙogwaro ne, sai muka buɗe manhajar inshorar a wayarsa, wadda bai taɓa buɗewa ba tunda ya zo, muka nemo masa mustausaf ɗin da ke jerinsa, yana can wani gefen gari. Shekararsa biyu a ƙasar bai san inda katinsa ke aiki ba sai daren da ya buƙace shi.

Dan haka ka rubuta wa kamfanin nan yau, cikin ladabi, ka tambaye su wane kamfanin inshora ne, wane aji, kuma iyali ajinsu ɗaya da naka ko an sauke su ƙasa. Ka ce su turo maka jerin asibitoci da takardar da ke nuna iyakar kowane abu. Ba rashin kunya bane, Turawa da Labanawa da ke aiki a can haka suke yi, mu ne muke jin nauyi kada a ce mun cika tambaya a fasa ɗaukarmu. In sun ce B ne ko C, injiniya yana da bakin da zai nemi a ɗaga shi, ko da zai sassauta a wani wurin. Bayan ka sa hannu ka sauka a Riyad bakinka ya mutu.

Abinda zai fita daga aljihunka

Ko da inshora, duk zuwa ganin likita akwai ɗan kason da zaka biya. Abinda aka daɗe a kai shi ne kashi 20 cikin ɗari, da iyakar da ba za a wuce ba a zuwa ɗaya, an yi wa tsarin gyara a 2022 yadda wanda ya fara ta wurin likitan farko yake biyan kaɗan, wanda ya tsallake ya tafi wurin ƙwararre kai tsaye ya biya da yawa. In kwanciya ce a asibitin da ke shabakarka ba a karɓar wannan kason. Wannan duk ba shi ke karya mutum ba. Ganin likita da kuɗin hannu ma a mustausaf lokacin da nake can riyal 50 zuwa 100 ne, a babban asibiti wurin babban likita ɗaruruwa ne, kafin a zo gwaji da hoto. Riyal kuwa a ɗaure take da dala, 3.75 a dala ɗaya tun 1986, sai ka yi lissafinka da farashin dala na ranar, naira ba ta tsayawa wuri ɗaya balle in ba ka adadi. Ga kuma haraji na kashi 15 da aka kai shi a Yulin 2020, ɗan ƙasa gwamnati ke ɗaukar masa a asibitin kuɗi, baƙo shi zai biya abinsa.

Abinda ke karya mutum iyakoki ne. Inshorar tana da rufi na shekara ga mutum ɗaya, ya daɗe a riyal 500,000 kafin a ɗaga shi zuwa miliyan ɗaya a 2022, wannan yana isar kusan kowa. Amma a ƙarƙashinsa akwai ƙananan rufi, na haƙori daban, na tabarau riyal 400 kacal, na wankin ƙoda daban, na ciki da haihuwa riyal 15,000. Sannan ga muwafaƙa. Duk abu mai tsada, hoton MRI, tiyata, kwanciya, sai asibiti ya tura wa inshora ta amince tukun. A ƙa'ida cikin awa ɗaya za su amsa, kuma abin gaggawa ba ya jiran amincewa, amma a aikace sai su dawo da tambaya, ka amsa su dawo da wata, mara lafiya na zaune a kujera da azumin tiyata tun asuba. Rabin aikina a can rubuta wa kamfanin inshora dalili ne, har na ƙware da sanin kalmar da in na sa ba sa musu. In an ƙi ka kada ka tafi gida kana Allah ya isa, ka ce likita ya sake turawa da cikakken bayani, in sun sake ƙi ka kai ƙara Hukumar Inshora, na ga ƙin da aka janye da yawa ta wannan hanyar.

Akwai kuma kuɗin da ba na asibiti ba amma dole ya shiga lissafinka, harajin iyali. Tun Yulin 2017 aka fara karɓar riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarka, yana hawa duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020. Madam da yara biyu da jariri mai zuwa, mutum huɗu kenan a kanka, riyal 1,600 duk wata, 19,200 a shekara, sama da dala 5,000. Kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar wannan. Shi ya mayar da iyalan Indiyawa da Misrawa da Sudanawa da yawa gida.

Cikin madam

Riyal 15,000 ɗin nan ita za ta ɗauki awo da gwaje-gwaje da sikanin da haihuwar kanta. A matsakaicin asibiti, haihuwa lafiya lau, tana isa. A babban asibiti in aiki za a yi, ga awon wata da watanni ya riga ya ci wani abu, sai ka ga ta ƙare ana ce maka ka ciko. Tunda an taɓa yi mata aiki ka ɗauka za a sake, ba don dole bane a likitance, mace da yawa tana haihuwa da kanta bayan aiki ɗaya, amma asibitin kuɗi ba ya son zaman jiran naƙuda mai haɗari, sun fi son a sa rana. Matsalar da ta taso daga cikin, kamar zubar jini ko jijjiga, ba a cikin 15,000 ake lissafa ta ba, tana tafiya babban rufin.

Sai ka kula da takardar bayyana ciwo. In kamfanin ba babba bane za a ba ka fom ka cike lokacin ƙara iyali, ana tambayar ciki da sikila da tiyatar baya. Ka faɗi gaskiya tsaf. Wasu mandub, wato wakilin kamfani ne da kansa zai ce su rubuta babu komai don kada kuɗin inshorar ya hau, ranar haihuwa inshora ta lissafa watanni ta ga cikin ya girmi fom ɗin, ta ce ba ta biya, a bar ka da asibiti.

Jariri kuwa katin uwarsa ke ɗauke da shi kwana 30 na farko, kafin su cika dole a ƙara shi da sunansa. Wani abokina malamin makaranta matarsa ta haifi bakwaini aka sa shi a kwalba, hankalinsa duk yana kan yaron, kullum yana tsaye bayan gilashi yana kallon ɗan ƙirjin nan yana hawa yana sauka, takarda ko ta kanta bai bi ba. Wurin aikinsa su ma suka yi shiru. Ana saura kwana huɗu wata ma'aikaciyar lissafi 'yar Filifin ta tare ni a hanya ta ce likita gaya wa ɗan ƙasarku in bai ƙara yaron nan ba daga ranar Lahadi shi zai biya, ɗakin jarirai kuwa dubban riyal ne a kwana ɗaya. Kwanakin nan bai yi barci ba, daga ofis zuwa ofis, Allah ya taimaka aka ƙara shi. Yaron sai da ya yi wata biyu kafin a sallame shi, da albashinsa na shekaru bai biya ba. Bayan haka akwai takardar haihuwa daga Ahwal, ofishin rajistar jama'a, da fasfo daga ofishin jakadancinmu na Riyad ko ƙaramin ofishin Jidda, da igamar jaririn, ka taho da takardar aurenku a fassare da hatimi.

To amma ka ma duba lokaci. Sai ka je, an sake maka gwajin lafiya, igamarka ta fito, sannan ka nemi bizar iyali, wasu kamfanonin ma sai ka gama wata ukun gwaji. Cikin nata wata uku ne yau, kafin duk wannan ya kammala ya kai bakwai ko takwas, jiragen sama kuma suna fara neman takardar likita, daga wajen sati 36 yawanci ba sa ɗauka. Ta sauka garin da ba ta san kowa ba, ba uwa ba ƙanwa ba mai dafa mata ruwan wanka, kai kana wurin aiki tun asuba, ga mai sikila a gida. Da ƙanwata ce zan ce ta yi awonta a asibitin koyarwa na Shika inda fayil ɗinta yake, ta haihu a gaban 'yan uwa, a yi arba'in, jariri ya samu fasfo su taho gaba ɗaya. Sai fa in likitanta ya ga wani abu a cikin da ke buƙatar ɗakin jarirai mai ƙarfi, kuma katinka A ne, kamfanin kuma ya yarda a rubuce zai gaggauta biza, to nan lissafi ya juya. Ban duba ta ba, likitan da ke mata awo shi ke da wannan maganar.

Yaro mai sikila

Nan kam albishir zan maka. Sikila ba baƙuwar cuta bace a Saudiyya, tana da yawa a gabas wajen Ƙaɗif da Ahsa da kuma kudu wajen Jazan, har gwajin kafin aure suka wajabta tun 2004. Likitocinsu sun santa, maganin hydroxyurea yana samuwa, jini ana tace shi yadda ya kamata, ana yin hoton jijiyoyin kai da ke nuna yaron da ke cikin haɗarin shanyewar jiki, in ciwo ya tashi kuma ana ba da maganin ciwo mai ƙarfi a asibiti ba a tsaya ana jan rai ba. Yara da yawa da na gani sun zo daga gida a ƙanjame cikin shekara ɗaya sun murmure. Sharaɗin dai shi ne a cikin shabakarka akwai likitan jini na yara da asibitin kwanciya kusa da gidanka, wannan kaɗai ya isa dalilin da zaka dage a kan aji. Ka taho da rahoton likitansa da Turanci, da sakamakon gwajin jininsa, da tarihin ƙarin jinin da aka taɓa masa. Riyad busasshen gari ne, zafin bazara yana haura 45, cikin gida kuma na'urar sanyi kamar firji, hunturu da sanyi mai shiga ƙashi, duka ukun suna tayar da ciwon, sai an bi shi da ruwa kamar ana ba shuka.

Kuma don Allah kada wani ya cusa tramadol ko maganin tari mai kodin a jaka wai saboda ko ciwo zai tashi. A filin jirginsu wannan ba magani bane, ƙwaya ce, kuma kasan hukuncin ƙwaya a ƙasar. Duk maganin da za a shigo da shi ya zo da takardar likita da sunan mai shi.

Hajiya

Iyaye ba sa cikin waɗanda doka ta ɗora wa kamfani. Yawanci da bizar ziyara ake kawo su, ita kuma tana zuwa da inshorarta ta dole mai rufin riyal 100,000, amma ta gaggawa ce kawai. Awon suga, maganin hawan jini na wata wata, ganin likitan ido, duk daga aljihunka. Wannan mai sauƙi ne, magani a can hukuma ce ke sa masa farashi, a jikin kwali yake a buge. Abin tsoro shi ne, Allah ya kiyaye, shanyewar ɓarin jiki ko ƙoda ta tsaya, a kwantar da ita a ɗakin kulawa ta musamman, dubu ɗarin nan cikin 'yan makonni ta ƙare, ba ta tashi ba balle ta hau jirgi, biza na ƙarewa, lissafi na hawa. Na ga mutanen kirki suna bin masallatai da takardar asibiti saboda irin wannan. Shawarata ta zo ziyara ta wata biyu ko uku lokacin da jininta da sugarta suka daidaita, da maganinta a hannu, ta yi Umara ta ga jikoki ta koma wurin likitanta, kuɗin da zaka kashe a can ka ɗauki rabinsa ka tsaya mata da shi a gida.

Aikin nasu ya kai?

Ta fuskar kayan aiki ya kai har ya wuce. Ba ɗauke wuta ana tsakar tiyata, ba yajin aiki, ba a rubuta maka safar hannu da allura ka je ka sayo, maganin jabu ba ka jin labarinsa a kantin magani, akwai hukumar CBAHI da ke bin asibitoci tana tantance su. Ma'aikata kuwa duniya ce a haɗe, nas daga Filifin da Kerala, likitoci daga Masar da Sudan da Pakistan da Siriya, da namu 'yan Najeriya ba kaɗan ba, da 'yan ƙasar da suka yi karatu a Kanada da Amurka, cikinsu akwai gwanaye na gaske.

Amma asibitin kuɗi kasuwa ce, ni na zauna a ciki. Mai kati mai kyau matsalarsa a yi masa abinda bai buƙata, ka zo da ciwon kai ka fita da gwaji goma sha biyu da hoton ƙwaƙwalwa da leda cike da magani. Mai ƙaramin kati matsalarsa akasin haka, minti uku a gaban likitan da ya ga mutum sittin yau, a ba shi maganin zazzaɓi a ce ya dawo. Kuma ba zan ɓoye maka ba, a wurin karɓar mutane wani lokaci fasfonka da fatarka suna shafar yadda za a yi maka magana, ba ko'ina ba, amma yana faruwa, ka je da shigarka ta mutunci ka yi magana da Turancinka a nutse, sai ka ga murya ta canza. Abinda ya fi amfani ka samu likita ɗaya, na iyali ko na yara, ka liƙe masa ya san gidanka, ka bar yawon asibiti asibiti. Harshe ma abin dubawa ne, likita da nas suna jin Turanci, amma in madam Hausa ce ƙarfinta kada ta je ita kaɗai ranar da za a yanke shawara.

Wani abu da ya shafe mu musamman shi ne maleriya. Likitan da ya tashi a Riyad zai iya shekara bai ga ko ɗaya ba, sai yaro ya dawo daga hutun Zariya da zazzaɓi a yi ta ba shi maganin mura. Duk wanda ya yi zazzaɓi cikin watannin farko da dawowa daga gida, ka buɗe baki ka ce daga Najeriya muka dawo, a yi gwajin maleriya. Maganin kashe ƙwayar cuta kuma tun 2018 aka tsaurara, kanti ba zai sayar maka ba takardar likita ba, wannan ɗabi'ar tamu ta shiga kemis a haɗo mana ka bar ta a gida.

Duk wannan fa maganar mai takarda nake. 'Yan uwanmu takari da ke Jidda da Makka ba igama wata duniyar ce daban, mace ta haihu a ɗaki don tsoron tarhil, wato a kama ta a mayar da ita gida, mai suga ya zauna da ƙafa har ta ruɓe. Sau ɗaya na ga an buɗe musu ƙofa, a Maris na 2020 da Sarki Salman ya ce a yi wa kowa maganin korona kyauta har wanda ya karya dokar zama. Na kawo wannan ne don ka san igamarka ita ce lafiyarka, kada ka bari ta mutu ko ka bar kafili, wato ubangidan da igamarka ke ƙarƙashinsa, ba bisa ƙa'ida ba.

Kai kanka

Kafin biza za a yi maka gwajin lafiya a asibitin da suka amince da shi, in ka sauka a sake. Suna neman ƙanjamau da ciwon hanta na B da C da tarin fuka. Ciwon hanta na B yana da yawa a cikinmu, mutum yana yawo da shi lafiyarsa ƙalau bai sani ba, na san waɗanda suka ajiye aiki suka sayar da mota sannan sakamako ya fito aka ce ba su dace ba. Ka je ka yi gwajin nan da kanka a wannan satin, kai da madam, kafin ka miƙa takardar barin aiki.

Tunda wurin gini zaka yi aiki, raunin da aka ji a bakin aiki ba inshorar lafiya ke biya ba, hukumar inshorar ma'aikata ce, GOSI, kamfani ke zuba mata kashi 2 na albashinka, ka tabbatar an yi maka rajista kuma duk rauni an kai rahotonsa da wuri. Hutun ciwo a dokar ƙwadago kwana 30 ne da cikakken albashi, 60 da kashi uku cikin huɗu, 30 ba albashi, daga nan kamfani na iya sallamarka, in aiki ya ƙare kuma igama da inshora tare suke tafiya. Ni likita ne ba lauya ba, kuma alƙaluman inshora ana taɓa su lokaci lokaci, dan haka abinda ke cikin takardar da za su turo maka shi ne abin riƙo, in ta zo ka sa wanda ya san harkar ya karanta maka ita layi layi. Amma a lissafina, in katinka A ne ko B mai kyau, ka ware kamar albashin wata biyu a gefe da ba a taɓawa, ban da harajin iyali, ya ishe ka cikon haihuwa da kason magani da tikitin gaggawa. In C ne kuma sun ƙi ɗagawa, ka tafi kai kaɗai tukun, ka yi wata shida ka ga asibitocin da ke jerin da idonka, ka shiga ka tambaya ko suna da likitan jini na yara, sannan ka yanke maganar ɗauko su.